Na Karya Hannun Ɗana Saboda Macijin Da Babu Shi

A shekarun da nake niƙa dutsen zinari a Bagega, ni mutum ne mai saurin hannu, ba na yi wa yaro magana sau biyu. Ɗana na fari yana cikin yaran da gubar dalma ta kama. Allah ya tashe shi, amma ya taso ba ya iya zama wuri ɗaya, har malamai suka gaji da shi. Bayan mun koma Anka, wani likita a Gusau ya ce ciwon rashin natsuwa ne, ya rubuta mai ƙwaya. Yaro ya natsu, muka yi ta murna.

Ba a jima ba ya fara cewa kiyashi na bin jikinsa, yana susa har jini. Uwarsa ta gaya mani, na ce iskanci ne. Wata rana da hantsi Inna, mahaifiyata, tana zaune tana gyaran zogale, sai yaron ya zaro icce daga murhu ya dinga maka mata a wuya yana kururuwa. Na shigo na tarar da ita kwance, jini ya jiƙe mata zane. Idona ya rufe. Na fizge iccen na hau shi da duka, uwarsa na riƙe ni ina ture ta, ban tsaya ba sai da na ji ƙashi ya yi ƙara.

A asibiti, ana ɗaure mai hannu, yake tambayar uwarsa ko macijin ya sari Inna. Ya ce baƙi ne, ya naɗe mata wuya, shi ya sa ya yi ta bugunsa. Likita ya ce ba kasafai ba, amma ƙwayar nan kan sa yaro ya ga abin da babu. Ya tsayar da ita, gane-ganen suka wuce. Inna ta warke, ta yafe mai tun tana kan gado. Ni ta daɗe ba ta amsa gaisuwata ba.

Ban ce ku ƙi magani ba, ya taimaki yara da yawa. Amma in yaro na shan ƙwaya ya zo da wata baƙuwar magana, ku saurare shi, ku koma wurin likita, kada ku ɗauki sanda. Hannun ɗana ya haɗu a karkace. Har yau in na miƙa hannu zan shafa kansa, sai ya kare fuska.