Ranar da Inna Ta Ajiye Kunya

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan, amma ranar da aka kai ni gaban likitocin farfaɗiya a Gaya ba za ta taɓa fita daga raina ba.

A Gafasa aka haife ni, gidan masu shanu, kuma ni ne ɗan fari. Wanda ya san al'adarmu ya san abin da hakan ke nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kakata ce ta raine ni. Innata kuwa, ko a ƙofar gida muka haɗu, sai ta kau da kai. Mutane na yabonta da kunya, ni kuwa a zuciyata na ɗauka ba ta so na ne, musamman da ciwon ya same ni.

Ina da shekara goma sha biyar na fara faɗuwa. Aka ce iska ce, aka yi rubutu, aka yi turare har idona ya gaji da hayaƙi. Aka ware mini ƙwaryata, don an ce yawun mai farfaɗiya yana harbin mutum. Abin da ya fi ci mini rai shi ne hana ni kiwo da Baba ya yi, don gudun kada in faɗa rafi. Saurayi ɗan Fulani yana zaune a gida, shanu suna fita ba shi!

Bayan an gama yaƙin basasa da 'yan shekaru, mai unguwa ya yi shela cewa wasu likitoci daga Kano suna binciken wannan ciwo, a kai musu masu shi. Ranar kasuwa muka bi mota ni da Baba. Inna ma ta shigo da ƙwaryar nono, wai tallarta za ta kai Gaya.

Likitan dattijo ne marar gaggawa. Ya ce mana farfaɗiya ba iri ɗaya ba ce, abin da suke bincike ke nan, kuma sai ya san irin tawa zai san maganin da zai ba ni. Ya tambaye ni yadda take farawa. Na ce ban sani ba, ni dai farkawa nake in ji jikina kamar an yi mini duka. Ya juya ga Baba.

"Faɗuwa yake yi, likita," in ji Baba.

"Gefe ɗaya ne yake fara karkarwa, ko jikin gaba ɗaya?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Gaskiya in abin ya zo, kowa nesa yake yi."

Likita ya ajiye alƙalami. Ya ce in babu wanda ya taɓa gani daga farko zuwa ƙarshe, ba zai ba da magani da ka ba, sai dai mu koma mu lura, mu jira zuwansu na gaba. Na fara laluben takalmina.

Sai muka ji murya daga bakin taga.

"Jikin gaba ɗaya ne, lokaci guda."

Inna ce, ƙwaryar nonon na kanta a cike, ko ludayi ɗaya ba ta sayar ba. Baba ya ce, "Ke, a gaban mutane?" Ba ta ko dube shi ba. Likita ya ce, "Shigo, Inna, ki zauna."

Ta zauna tana kallon ƙasa, ta fara. Ta ce da safe abin yake zuwar wa yaron nan, jim kaɗan bayan ya tashi daga barci. Kafin babbar faɗuwa, kafaɗunsa sukan zabura, kunu ya zube daga hannunsa, ana yi masa faɗan ganganci. Ta ce in bai sami barci sosai ba, washegari sai ya faɗi. Ta ce tun yana ƙarami yakan tsaya cak yana ƙifta ido, a kira shi bai ji ba. Wallahi, ni mai jikin ban san rabin abin da ta faɗa ba.

"In ya faɗi me kike yi?" in ji likita.

"In sun watse, sai in juya shi gefe, in share masa kumfar da zanena."

"Ciwon ya taɓa kama ki?"

"A'a."

Likita ya dubi Baba. "Malam, ka ji da kunnenka. Ba a ɗaukarsa a yawu."

Ya cika takarda biyu da bayaninta. Ya ce irin tawa sananniya ce, kuma tana jin magani in an kiyaye barci. Ya ba ni ƙwayoyi, ya sa sunana cikin waɗanda za su riƙa dubawa. Ban warke rana ɗaya ba, amma faɗuwar ta yi ta raguwa, kuma damina biyu bayan haka na fita da shanu.

A motar dawowa Inna ta koma can baya, ta kau da kai kamar kullum. Sai da ta tsufa, ni ma na yi furfura, na yi ƙarfin halin tambayarta yadda ta lura da duk wannan. Ta harare ni ta ce, "Wa ya ce maka kai nake kallo? Ƙwaryar kunun nake tsoron ka fasa."

Na yi dariya, na fita waje na yi kuka. Shekara ashirin na yi, kafin ranar Gaya, ina auna ƙaunar matar nan da abin da bakinta bai faɗa ba, alhali duk gidan ita kaɗai ce ba ta taɓa guduna ba. Tun daga nan, in ina son sanin wanda yake ƙaunata, ba na sauraron mai magana. Ina duba wanda ya tsaya lokacin da kowa ya watse.