Malam Sani Maƙeri da Jan Fentin Jirginmu

Shekara da shekaru ina faɗa, babu mai saurarona: mutanen garin nan ba sa tuna jirgi sai ƙafarsu tana cikinsa. Da sun taka gaɓa sun kakkaɓe riga, shi ke nan, ko ya ruɓe ko ya nutse ba ruwansu. Mutum ɗaya ne yake jin wannan ƙorafi nawa, shi ma yau babu shi.

Ina bakin dam ɗin Watari da hantsi, na durƙusa gefen jirgin da muka kife ina goge bayansa da samfefa, sai na hango Lawan, babban ɗan Malam Sani Maƙeri, yana tahowa ko hula babu. Na ɗauka saƙo ya kawo, don uban ya kwana biyu bai fito ba, an ce zazzaɓi ne. Na ce, "Kai Lawan, gaya wa tsohon nan idan ya gama lalaci ya zo, ni kaɗai ba zan kankare tsatsar duniya ba." Bai yi dariya ba. Ya tsugunna ya ce, "Baba Audu, sai haƙuri. Baba ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai da aka ce a kama makara sannan na ga samfefar tana hannuna.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Faɗa nake surukina yana rubutawa, kuma na ce zai karanta mini daga farko, don kada a rage mini magana ko a sa mata zuma.

Ga wanda bai san mu ba: gonakin yawancinmu suna ƙetaren ruwa. Da bazara, idan ruwa ya ja baya, ana zagayawa da ƙafa ta busasshiyar fadama. Da damina ta sauka fadamar ta cika, babu hanya sai jirgin ƙarfen da gari ya haɗu ya saya. Ni nake tuƙa shi. Malam Sani kuwa shi ne mai kula da jikinsa. Babu wanda ya naɗa shi, babu wanda ya taɓa biyansa. Cewa ya yi gidansu gidan ƙarfe ne, kunya ce ƙarfe ya mutu a garin da yake.

Ba zan yi ƙarya don ya mutu ba, mun sha faɗa. Ni da kwalekwalen katako na tashi, kwalta muke narkawa mu lafta, a wuce wurin. Shi kuwa sai ya ce, "Audu, kwaltarka rufin asiri take yi wa tsatsa. Tana ciki tana ci, kai kana sama kana waƙa." Nakan ce masa maƙeri bai san ruwa ba sai na randa. Sai ya yi murmushi ya miƙo mini burushin ƙarfe. Shi ke nan, faɗa ya ƙare, aiki ya fara.

Ga yadda yake yi. Sai an kankare tsohon fenti har ƙarfe ya fito fes, a wanke, a bar shi ya sha rana. Sannan a shafa jan fentin shimfiɗa, mai hana tsatsa, a bi duk layin walda da ɗan ƙaramin burushi kamar mai sa wa jariri kwalli. Idan ya bushe a sake. Sai daga baya a ɗora na ado, kuma dole fentin mai, ba na ruwa da ake shafa wa bango ba. Yakan ce, "Na sama don idon mutane ne, na ƙasa don ransu."

Ba na mantawa da shekarar da wani Alhaji mai sayen albasa ya zo da motarsa, yana so a tura jirgi a kwaso masa buhunansa daga ƙetare, alhali shafin farko bai gama bushewa ba. Malam Sani ya ɗauko turmi ya zauna a gaban jirgin ya fito da carbi. Alhaji ya ce, "Haba Malam, ai na taɓa, ya bushe." Ya ce, "Alhaji, samansa ka taɓa." Alhaji ya ce albasa za ta lalace. Ya ce, "Albasa tana da magaji, baɗi za a shuka wata." Aka kira mai unguwa, aka kira liman, bai motsa ba. Da Alhaji ya gaji ya yi fushi, Malam Sani ya tashi ya shiga gida ya kwanto jakinsa ya ba shi aro, ya ce a zagaya ta fadama. Halinsa ke nan. Zai hana ka abin da ka zo nema, amma ba zai bar ka ka koma hannu biyu ba. Tsofaffin mata nawa ya gyara wa fartanya, idan suka kwance bakin zane ya ce su mayar, su saya wa jikoki ƙuli?

Da shekarun nan na tsanani suka shigo, komai ya yi tsada, algus ya yi yawa. Fenti ma bai tsira ba. Sai ka sayi gwangwani mai kyan fuska, ka buɗe ka tarar rabinsa kananzir ne. Bana gida-gida aka bi aka karɓi dawa, daga bakin yara aka cire ta, aka sayar aka damƙa masa kuɗin ya je Kano sayo fenti. Ya shiga bas da sassafe, ya dawo da yamma babu gwangwani ko ɗaya. Nan take aka fara ƙus-ƙus a majalisa, da kunnena na ji, kuma na riƙe fuskokin masu yi. Na tare shi na ce, "Sani, ina kayan?" Ya ce, "Duk wanda na ɗaga ba shi da nauyi, Audu. Bakin murfin kuma da sawun wuƙa, an buɗe an sake rufewa. Wani na sa aka buɗe, na tsoma tsinke, ya zubo kamar kunun da aka yi wa baƙi da yawa." Ya sake komawa Kano, a aljihunsa kuɗin motar ya fito. Ya samo ɗan kaɗan na gwaji, ya shafa a guntun ƙarfe, ya bushe, ya ɗaura igiya ya jefa a dam. Bayan kwanaki ya jawo ya karce da farce, bai ɗago ba. Sannan ya je ya sayo: manyan gwangwanaye na jan shimfiɗa, da kore na sama. Ya sa a ɗakin da ke bayan maƙerarsa ya danna kwaɗo, makullin yana aljihun rigarsa. Muna cikin kankare jirgin ajali ya zo.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Ranar sadakar bakwai na tafi maƙabarta in yi masa addu'a. Tun daga nesa na ga ƙyauren ƙarfen maƙabartar yana ƙyalli, ja wur. Kafin in isa hancina ya gaya mini. Na shafa da yatsa, ɗanye ne, kuma namu ne. Abin da ya fi ƙona mini rai, ko kankarewa ba a yi ba. A kan tsatsa aka lafta, a kan kashin tsuntsu, har da gidan zanzaro. A ƙofar da Malam Sani yake kwance!

Na wuce gidansa. Kwaɗo a buɗe, kore yana nan, ja babu ko ɗaya. Lawan ya rantse bai sani ba. Ya ce rigar an rataye ta a zaure lokacin wanka, kuma jama'a sun yi ta shiga da fita. Na yarda da shi, yaron ba ya iya ƙarya, fuskarsa tana tona shi. Na je wurin mai unguwa. Ya ce, "Audu, ka cika zafi. Wasu ne suka yi niyyar alheri, sadaka mai gudana, ladan yana isa gare shi." Na ce, "Ranka ya daɗe, su wa?" Ya ce shi ma ji ya yi. Na ce, "A bakin wa?" Sai ya ɗauki buta. Liman kuwa cewa ya yi da dare aka yi. To, shi yaya ya san da dare ne?

Ku ji ni da kyau. Ƙyauren maƙabarta ba zai sha rabin gwangwani ba. Ina sauran? Na ga amalanken shanu a garin nan wanda bara baƙi ne, yau ƙafafunsa ja. Na ga ƙofar wani ɗakin injin niƙa ta yi sabon jini. Ban kama suna ba, don ban kama hannu ba. Amma idona bai mutu ba.

Yau jirgi yana kife a bakin ruwa, ƙarfensa tsirara, raɓa tana sauka masa, har ya fara yin ɗorawa-ɗorawa. Gabas ta fara haɗa hadari. Kowa na gamu da shi sai ya ce, "Baba Audu, shafa koren kawai mana, wa zai leƙa ƙarƙashi?" Ruwa zai leƙa. Matanku ne suke shiga da goyo da kwanon abinci, ba ni kaɗai ba.

Ya Allah, ga bawanka Sani ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka yafe masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Kowace ƙafa da ta ƙetare ruwan nan lafiya, ka sa masa a mizani. Ka ba Inna Talatu haƙurin rashin miji, ka riƙa wa Lawan da ƙannensa, ka hura wutar maƙerar nan kada ta mutu. Idan tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.

Ku kuma da kuka cika zaure kuna cewa babu kamarsa, ba yabo yake buƙata ba. Ranar Juma'a bayan an sallame zan tsaya a ƙofar masallaci, ba zan gusa ba. Ba zan tura jirgin nan ruwa babu shimfiɗa ba, ko da gero zai bushe a ƙetare babu mai nome shi. Wanda ya sa hannu a aljihun mamaci tun kafin a gama yi masa wanka yana cikinku, yana sahu ɗaya da mu. Ya fito ya dube ni ya gaya mini: ina fentin jirginmu?