Fatihar da Ta Cinye Gonar Mada

Shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da Turanci a wata sakandare a Gusau, kuma babu darasin da nake ji da shi kamar bambancin believe da approve. Ta farko, ka gaskata abin da mutum ya faɗa. Ta biyu, ka ba shi goyon baya ya aikata. Duk yaron da ya gwama su, jan biro ya bi ta kansa. Ashe ni ma akwai jarrabawar da ke jirana.

Ƙanena ne ya same ni wata Laraba. Ya ce gonar da mahaifinmu ya bar mana mu biyu a Mada ta gaji, gara a sayar ya sayi mota ya riƙa jigilar Tsafe. Na gaskata shi, don na ga dawar bara, ko tsuntsaye ba su kula ta ba. Amma sayarwa? Ko kusa. Akwai ɗorawa uku a gonar nan da Baba ya hana a taɓa har ya koma ga Allah.

Ranar Asabar na tafi Mada takanas don in hana. Na tarar an baza tabarmi a zauren Baffanmu, ga mai saye, ga liman, ga fura. Na nemi izini, na gyara murya, na jero magana yadda nake koya wa yara rubutun muhawara: ka fara ba abokin gardama gaskiyarsa, sannan ka sauke masa "amma". Na yi bayanin gajiyar ƙasa da tsadar taki, bayani mai kyau kuwa.

Ina jan numfashi Baffa ya tafa hannu. "Madalla! Kun dai ji, mai boko ma ya ce ta gaji. Liman, a yi muna addu'a."

"Baffa, ban gama ba."

"Kai Malam, in an biye maka sai La'asar. Fatiha!"

Liman ya ɗaga hannu. Wa ya isa ya bar hannunsa a cinya ana salati ga Annabi? Na ɗaga, na shafa. A garinmu kuwa duk magajin da ya shafa fatihar ciniki ya amince ke nan, ba a neman wani sa hannu.

A waje na tare ƙanena ina huci. Ya dube ni, ya ce, "Yaya, ai da ka fara da amma ɗin. Mu nan ba a ajiye ta sai ƙarshe."

Kafin damina sabon mai gonar ya sare ɗorawar duka uku. Har yau ina koyar da kalmomin nan biyu, sai dai na sauya darasin muhawara. Yanzu ina ce wa yara, in za ku ƙi abu a gaban manya, ku ƙi shi kafin a kawo fura.