Ranar da Na Shiga Rigar Maigida

Jikana ba ya ƙaunar ganina. Da wannan zan fara, tunda autata da ke riƙe da biro ta ce in fara da abin da ya fi damuna. Yaron nan kowa ya miƙo hannu zai je. Mai tallan nono ta ɗauke shi, ɗan acaɓa ya ɗauke shi, har matar da ta tsira masa allurar rigakafi ya yi wa dariya. Ni kuwa da na haifi ubansa, da zarar ya hango ni sai ya ƙwalla ƙara kamar kunama ta harbe shi.

Ba zan ɗora masa laifi ba. Mai gidana ya rasu saura wata biyu a haife shi. Ina cikin takaba a gidanmu na Ba'awa aka yi suna a Tudun Wada, inda ubansa yake aiki, ban je ba. Aka mayar masa da sunan kakansa, sunan da bakina bai taɓa kamawa ba, shi ya sa nake ce masa Maigida. Da na fita takaba na je ganinsa. Aka miƙo mini shi, na duba, sai ga kunnuwan marigayi, manya, a bubbuɗe kamar marfin tukunya. Na fashe da kuka a kan fuskarsa. Ni ban iya kukan ɓoye ba, in zan yi sai unguwa ta sani. Duk zuwan da na ƙara yi haka aka yi: in gan shi in yi kuka, ya gan ni ya yi kuka, a raba mu kamar masu dambe.

Bana, ana cikin karyar masara, suka zo gida za su yi kwana goma. Uwarsa yarinya ce mai ladabi, ta yi boko. Ta durƙusa ta ce, "Inna, a nan muke so a yi masa bikin cika shekara, washegari mu koma."

"Bikin me?"

"Murnar ya shekara ɗaya a duniya."

Na ce ni na yi shekarun da ban san adadinsu ba, ko ƙosai ba a taɓa soya mini ba. Amma a zuciyata na ce kwana goman nan su ne nawa. In bai yarda da ni a cikinsu ba sai kuma baɗi, ni kuwa ban san ko baɗi da ni za a yi ba.

Uwar yaron ta share ɗakin da muke ajiye buhuna, ta shimfiɗa leda, ta ce ɗakin yaro ne. Yaron da ko ƙofa bai iya turawa ba ya yi ɗaki. Ta buɗe wayarta tana nuna mini yadda ake ƙawata irinsa, tana cewa ko a kasuwar Ƙafin Maiyaki da ke kusa da mu ba za a samu kayan ba. Na ce ta bar mini, hannuna bai mutu ba. In ya ga abin wasa daga wurina, wataƙila ya yafe mini fuskata.

Na farko wani abu ne da ake ratayawa a saman gado, da tarkace suna lilo, yaro yana kallo. Na ɗauki faifai na huda gefensa, na ɗaura ƙananan ludaya, da busasshiyar kuɓewa, da gashin zabuwa. Na ga a hoton akwai ja a jiki, ni kuma abin ja ɗaya gare ni a gidan, na jera barkono. Ya yi kyau ƙwarai. Aka kwantar da Maigida a ƙarƙashi, iska ta kaɗa, ya yi atishawa bakwai a jere, uwar ta yi huɗu. Aka sauke.

Na biyu lamba ɗaya ce, wai a tsayar da ita ƙatuwa a bayansa in za a ɗauki hoto. Ni ban san lamba ba. Da ta nuna mini na ce, "Yarinyar nan, wannan ai taɓarya ce." Na ɗauko tawa na naɗe ta da ƙyallaye masu launi, na jingine a bango. Kowa ya yaba. Kafin la'asar maƙwabciyata, tsohuwar ƙawata da idonta ya yi rauni, ta shigo aro, ta tafi da ita ta daka daddawa. Aka dawo mana da lamba ɗaya tana wari.

Na uku shi ne ya jawo maganar. Wata dabba ce ta auduga, ƙatuwa, ba kare ba, ba tunkiya ba, tana zaune da ƙafafu a miƙe, yaro ya hau cinyarta ya jingina. Na ce zan ɗinka. Ba ni da yadin da zai isa sai tsohuwar rigar gonar marigayi, wadda ranar rabon kayansa kowa ya ɗaga ya ajiye saboda faci ya fi rigar yawa. Na kwana uku a kanta da basilla. Na cusa ɓawon masara a ciki, na cika hannuwan da audugar rimi, na kifa ƙwarya a wurin kai. Allah Ya sani dabba na yi niyya. Na matse nan, na ɗaure can, amma rigar ta ƙi. Kafaɗar da ta saba da ita ta fito da ita, har da ɗan rankwafawar nan ta hagu. Da na ga ƙwaryar tsirara sai na ji kunya, na ɗauko malfarsa na kifa a kai, na sauke ta ƙasa yadda yake yi in zai yi gyangyaɗi a gindin ɗorawa.

Na ja baya na duba. Mai gidana ne zaune a kusurwar ɗakin buhuna. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ya jawo matan maƙwabta har uku.

Ƙawata ce ta fara shigowa. Ta hango shi, ta gyara mayafi, ta durƙusa.

"Malam, barka da hutawa. Ya gona? Ya ƙafar?"

Ta kasa kunne. Ta juyo gare ni. "Har yanzu dai bai iya amsa gaisuwa ba." Sai ta tsaya. "Ke, ba ni na dafa dambun sadakar bakwai ɗinsa ba?"

"Ke ce."

"To ya dawo shi ne ba ki aiko an gaya mini ba?"

Aka kira ƙanin marigayi, Malam, mai karantar da yara a zauren masallaci. Ya leƙa, ya yi salati, ya koma baya har takalminsa ɗaya ya cire. Da ya nutsu ya tambaya daga bakin ƙofa.

"Yana da ido?"

"Babu."

"Hanci fa? Baki?"

"Ƙwarya ce a kife, Malam."

Ya shafa gemu ya daɗe. "To matashin kai ne. Amma don Allah a daina gaishe shi."

Aka kawo Maigida, ni kuma na fita na laɓe a bayan taga don kada in ɓata. Ya rarrafa kai tsaye, ya dafa gwiwar abin, ɓawon masara ya yi ƙaras-ƙaras. Ya ƙyalƙyale da dariya. Ya haye cinyar, ya jingina da ƙirjin, ya kama bakin rigar yana tsotsa. Tun daga ranar a nan yake cin abinci, a nan yake barcin rana. In an ɗauke shi ya yi ta miƙa hannu yana kuka.

Kwana biyar ina kallo ta taga. Abin da na ɗinka da hannuna ya samu abin da ban samu ba. Mutumin nan ko bayan ransa ya fi ni farin jini wurin yara. In na matso da kunu, yaron ya dube ni, ya juya ya cusa fuska a rigar kakansa yana ihu, kamar yana kai ƙarata.

Ranar bikin da hantsi awaki suka shiga ɗakin. Suka farke cikin, suka cinye ɓawon masarar, suka bar ƙwarya tana birgima. An yi ta zagin awakin. Yau zan wanke su: ni na bar ƙofar a buɗe, ni na kuma yafa ɗan gishiri a kan rigar. Allah Ya yafe mini.

Uwar yaron ta riƙe kai. Baƙi sun kusa zuwa, yaro yana ta neman kakansa. Na ce su fita su ja mini ƙofa, yanzu zan gyara. Da suka fita na zura rigar a kan kayana. Na tattara guntun ɓawon da awaki suka rage na cusa a ƙirji da cinya don ƙarar ta fito. Na zauna a kusurwa na miƙe ƙafa, rigar ta rufe su, na janye hannuwana cikin hannun riga, na sauke malfa har haɓa. Na rankwafa ta hagu.

Uwar yaron ta turo ƙofa ta ce, "Kai, Inna akwai hannu! Har ya fi na da cika. Ina ta shiga?"

Ɗana ya ce, "Tana can wani lungu tana kukanta. Ku ƙyale ta, in ta zo yaron ba zai tsaya a yi hoto ba."

Na ji wannan da kunnena, daga ƙarƙashin malfar ubansa.

Mata da yara suka cika ɗakin. Ta cikin saƙar malfa nake ganin inuwarsu. Aka ɗaura mini balan-balan a hannu. Aka jingina taɓarya a kafaɗata, warin daddawa yana shiga hancina. Ƙawata ta shigo, ta manta da maganar Malam, ta ce, "Barka da taro," ta zungure ni da sandarta a haƙarƙari. "Yau ma har ɗumi gare shi." Ƙuda ya shigo ya sauka a kan leɓena ya yi zamansa.

Sai na ji an dafa gwiwata.

Hannu ne ƙarami, da danshi. Ɓawon ya yi ƙaras-ƙaras, ya yi dariyar nan tasa. Ya hau, ya juya, ya zauna, ya jingina bayansa da ƙirjina. Ashe yana da nauyi haka. Ashe ƙeyarsa ƙamshin man kaɗe take yi. Ga rigar kuma har yanzu da sauran warin zufar mai ita da hayaƙin gona. Kukan ya taso mini tun daga cibiya. Amma in na yi, jikina zai girgiza, matashin kai kuwa ba ya girgiza. Na danne. Tunda aka fita da gawar mai gidana ban taɓa danne kuka ba sai ranar. Na cije dasashi, hawaye suna bin wuyana suna shiga ɓawon masara.

Aka kunna kyandir a kan kek, aka yi waƙa da Turanci, aka hure wutar da aka kunna yanzu-yanzu. Aka yi ta hoto. Maigida ya yi mini fitsari mai ɗumi, ban motsa ba. Ƙafata ta hagu ta mutu, ban motsa ba. Na ce ko zuwa magariba ne zan zauna.

Aka ba shi kek a hannu. Ya ci, ya shafa a kai, sannan ya ga ya kamata kakansa ma ya ɗanɗana. Ya juyo ya miƙe a kan cinyata, ya tura hannu ƙarƙashin malfa yana neman ƙwarya. Ya samu baki. Ya tura yatsa ciki, ya taɓa harshe. Ya zaro yatsan ya duba. Sai ya kama gefen malfar da hannu biyu ya ɗaga.

Muka dubi juna. Na yi ƙoƙarin murmushi, da kek a hanci.

Ƙarar da ya yi har kaji suka watse a tsakar gida. Ya waiga dama, ya waiga hagu, yana neman inda zai ɓuya daga wannan tsohuwa. Wuri ɗaya ya sani. Ya faɗa ƙirjin rigar kakansa, ya cusa fuska, ya ƙanƙame da hannu biyu yana kai ƙarata. Ni kuwa ina ciki. Na fito da hannuwana na rungume shi.

Da mata suka ga matashin kai ya ɗaga hannu, ɗakin ya yamutse. Wata ta bi ta kan kek, taɓarya ta faɗi, ƙawata tana cewa, "Ban gaya muku ba? Ban gaya muku da ɗumi ba?" Ɗana ya tsaya baki buɗe, ya ce, "Inna?" Ni dai ina jijjiga yaron ina cewa, "Yi shiru, Maigida, ta tafi, muguwar tsohuwar ta tafi." In ya ɗago ya ga fuskata ya sake ihu ya koma ciki, in ƙara matse shi. Sau uku muka yi haka. A na huɗu ya gaji, ya kama bakin rigar ya sa a baki, yana ajiyar zuciya, ido ɗaya a kaina, har barci ya ɗauke shi. Uwar ta miƙo hannu za ta karɓa, na girgiza kai. Ta janye hannunta, ta kore mini ƙudan.

Malam ya aiko da yamma cewa mace ba ta sa tufar maza, in yi istigfari. Na yi, ina kan yi.

Da safe suna ɗaura kaya a mota, uwar ta durƙusa ta ce ko zan ba su rigar su tafi da ita, a sake cusa mata ɓawo a can, tunda yaron ya saba. Yarinyar ba ta taɓa roƙona komai na hana ba. Na ce a'a. Na wanke ta, na shanya, na ninke na sa a ƙarƙashin matashina. In yana son rigar kakansa, a kawo shi Ba'awa, zai same ta da wadda ke cikinta.