Darɓa a Kan Rufin Sanyuwanli

A shekarar gasar Olimfik ta Beijin, samun ɗakin haya ya yi wa baƙi wuya a Guwanju. Duk ƙofar da ka ƙwanƙwasa, amsa ɗaya ce: meyo, babu. Ni ina da ɗaki a unguwar Sanyuwanli, a gidan wata tsohuwa da muke kira Lawban. Da za ta tafi Beijin wajen 'yarta, ta hau da ni rufi, ta nuna min itacen fiya a cikin tukunya. Ba irin fiyarmu mai maiƙo ba, ta 'yan ƙasar ce mai ruwa da garɗi. Marigayi mijinta ne ya dasa. Ta ce in kula da shi, maganar sabunta haya kuma sai ta dawo.

Ba a jima ba ganyen ya fara danƙo. Tururuwa ta yi layi, baƙi-baƙi kamar kunkunniya ya hau ganyen. Na juya ɗaya, na ga 'yan ƙwari shimfiɗe, ba su kai ƙwayar riɗi ba, kowanne cikin ɗigon ruwansa. Manyan suna da fiffike, da ka taɓa reshe sai su yi tsalle. Ko da ina garin Shintan wajen ɗinkin wandunan jins, hankalina yana kan tukunyar.

Na kira maƙwabcina, wani Alhaji ɗan Maraɗi mai sayen atamfa. Ya lakaci danƙon ya ɗanɗana.

“Darɓa ce, irin mai kama dawa a gona! Kai ɗan birni, rediyo ta hana ka sanin dawa? Toka za ka barbaɗa.”

“Alhaji, wannan fa ba dawa ba ce.”

“Bon, ƙwaro kuma sai ya nuna fasfo kafin ya mutu?”

A unguwar, kowa da gas yake girki. Sai wajen wani Musulmi mai gasa tsire muka samo toka, yana ta kallonmu. Muka barbaɗa, muka ƙara don a tabbata. Aka yi yayyafi, rana ta buɗe, toka ta haɗu da darɓa ta daskare kamar siminti. Ganyen ya soma ƙonewa daga gefe. Ƙwarin kuwa suna ƙarƙashi, inda tokar ba ta kai ba. Alhaji ya daina hawa rufin. Ni na soma tambayar ɗaki a ɓoye, ina shan meyo.

Ranar da Lawban ta dawo, ko jakarta ba ta ajiye ba ta hau. Ta daɗe tana kallo. Ta murza tokar a yatsa, ta dube ni. Ta kawo almakashi ta datse rassan da suka ƙone, har saura ƙwaya biyu masu ɗan kore. Na tsaya ina jiran a ce in tattara kayana.

Ta sauka, ta dawo da kwano, ruwan sabulu da tsumma. Ta goge bayan ganye guda a hankali, ina gani, sannan ta miƙo min tsumman.

“Kullum da safe,” ta ce, “har sanyi ya shigo.”

Sanyi kuwa da sauran watanni. Na karɓa, na durƙusa na kama ganye na biyu.