Ranar da Babura Suka Shiga Wasanmu

A shagon ɗinkina da ke Batsari muke wasan labari bayan la'asar. Wani malamin firamare ne ya koya mana. Mutum ɗaya ke riƙe labarin, sauran kowa ya zaɓi wanda zai zama: wannan maharbi, wancan falke, wani maƙeri. Ka faɗi abin da za ka yi, mai riƙo ya faɗa maka abin da ya biyo baya. In an yi gardama sai a ja tsinke, wanda ya ja gajere nasa ya ɓaci.

'Yan Safana ba haka suke yi ba. Su ɗan ludo suke jefawa a kan komai. Ko ruwa za ka sha a cikin labari sai ka jefa, in ɗaya ta fito ka ƙware. Ni ban taɓa ganin shirme irin wannan ba, amma su gani suke sun fi mu wayewa.

Malamin namu yana magana ne yana duban fuskoki. In ya ga mutum ya yi shiru, sai ya aika masa baƙo a cikin labarin. Akwai wani dattijo mutumin Runka da ya baro garinsu da iyalinsa, yana zaune a ɗakin da ɗan'uwansa ya ara masa. Shi manomi ya zaɓa. Muna can muna fama da dodo a bakin gulbi, shi yana huɗa, yana tambayar ko ruwa ya sauka. Malam kuwa ya yi ta saukar masa da ruwa, har ya cika rumbu da gero, ya sayi bijiman huɗa. Duk mun san ita kaɗai ce gonar da ta rage masa, kuma ba wanda ya taɓa faɗa.

Da aka canza wa malam wurin aiki, sai mijin ƙanwata ya karɓi riƙo. Ya ɗan zauna a Safana, ya dawo da ɗan ludo a aljihu da baki mara rufuwa. Irin mutanen nan ne da ba abin da ke musu daɗi kamar muryarsu. Wai wasanmu na yara ne, babu gaskiya a ciki.

Ranar farko ya gyara zaman hula, ya dubi dattijon ya ce, "Baba, kana cikin gona, sai ka ji ƙarar babura daga yamma, da yawa. Mi za ka yi?"

Na ɗauke ƙafa daga keken ɗinki. A wurinmu dodo na shiga labari, kura na shiga, amma babura ba sa shiga. Ba doka aka kafa ba, hankali ne kawai, shi kuwa ba shi da shi.

Na ce, "Kai, canza wannan."

"Yaya, ai haka rayuwa take. Jefa, Baba. In ka samu shida ka tsira da shanunka."

Dattijon ya karɓi ɗan ludon, ya juya shi a tafin hannu, ya aje a kan tabarma.

"Ba sai na jefa ba, ɗana," in ji shi. "Na san mi na yi. Gudu na yi, na bar su."

Ya sa takalmansa ya fita. Muka kasa duban juna don kunya. Sakaran nan kuwa ya ɗauki ɗan ludon ya jefa a madadinsa, ya leƙa, ya zabura har bakin ƙofa yana ɗaga murya a titi: "Shida ce! Baba, dawo, ka tsira!"

Har yau dattijon bai sake zama a shagona ba.