Ranar da Ba a Buga wa Erizal Cokali ba

Ranar Lahadi, biyu ga watan Oktoba na 2022, bayan sallar la'asar, na fara magana da Erizal. Motarsa kuwa na daɗe da saninta, kamar yadda duk mai bin hanyar kasuwa zuwa tashar jiragen ruwa a Padang ya san ta: angkot shuɗiya, ƙaramar motar haya mai sifikoki a ƙarƙashin kujeru, wadda kiɗanta kan riga ta isowa. A ranar ya shigo shagon shayin Pak Buyung (Pak a wurinmu kamar a ce Malam ne), ya tsaya a bakin dogon teburinmu yana juya makulli a yatsa, ya ce an gaya masa a nan ake zaman waƙa, kuma ya ji akwai kujera.

Akwai kuwa. Malamin makarantar da ke zama a ƙarshen tebur ya koma Batam da aiki.

Zaman namu daɗaɗɗe ne. Kowace Lahadin farkon wata, kowa yakan zo da waƙa ɗaya da ya gano a cikin watan, a sa ta a sifikar shago, kowa na gaban kofinsa na shayin ƙwai. In ka san waƙar, sai ka buga cokali a jikin kofi. Amma ba a bugawa a banza, dole ka ɗora baitin gaba da bakinka don a tabbatar. Waƙar da aka buga wa cokali a nan take mutuwa, a kashe ta a wuce ta gaba. Teburin mutum goma yake ɗauka, masu son zama kuma sun fi haka, don haka aka yi doka: wanda ya shekara ana buga masa cokali ba fashi, ya tashi ya ba wani wuri. Da yake ni akawu ne a wani kamfanin jigilar kaya, ni aka ɗora wa rubuta wanda ya kawo, da abin da ya kawo, da yadda ta ƙare.

Waƙar Erizal ta farko ba ta kai ga murya ba. Ganga na tashi, Uni Desmawati (Uni muke ce wa babbar yaya mace), mai shagon yadi a kasuwa wadda rediyo ba ya mutuwa a gefenta, ta buga cokali ba tare da ta ɗago kai ba, ta rera baitin farko da na biyu.

"Uni, ai fitowarta ke nan!" in ji Erizal. "Ko sati ba ta yi ba."

"Zal, satin nan kaf a motarka muke jin ta. Har kajin Pak Buyung sun haddace."

Ya yi dariya har da dukan tebur. Haka yake, ba ya fushi. Gajere ne mai ƙiba, shekarunsa sun ba arba'in baya, ya gaji tuƙi daga kawunsa. Kunnensa na dama ya ɗan yi nauyi saboda zaman kusa da sifika, shi ya sa yake karkata kai idan ana magana, kamar mai neman a gaya masa sirri.

Wata ya bi wata, cokali na binsa. Wani lokaci Uni Des ce, wani lokaci mutum uku a tare. Akwai watan da wata mai sayar da gyaɗa da ke wucewa ta ƙofar shago ta kama amshi, aka yi ta gardama ko wannan ma ya shiga lissafi. Matsalarsa ba ɓoyayyiya ba ce. Direban angkot da kiɗa yake farautar fasinja. 'Yan makaranta kan bar mota uku su wuce, su jira wadda kiɗanta ya fi girgiza ƙirji. Saboda haka Erizal ya tashi da ma'auni ɗaya: waƙa mai kyau ita ce wadda ke cika mota. Duk wata yakan je wurin mai loda waƙoƙi a bayan kasuwa, ya ce a ba shi mafi zafi. Mafi zafi kuwa ita ce wadda gari duka ya riga ya sani.

Na taɓa tambayarsa me ya sa yake dawowa alhali kullum shi ne abin tsokana. Muna tsaye a gefen motarsa ne, yana goge madubi.

"Pak Darwis, daga safe zuwa yamma kiɗa nake yi wa mutane, babu wanda ke saurare. Wannan na waya, wancan na barci. A teburin nan ne kawai na ga manyan mutane sun rufe baki saboda waƙa. Ni dai so nake sau ɗaya su rufe saboda tawa, har ta ƙare."

A zaman watan Agusta aka sake buga masa. Aikina ne in faɗi inda aka kwana, na kuwa faɗa: saura masa wata ɗaya. Surukin Pak Buyung, wanda ya daɗe yana jiran wuri, yana tsaye a jikin kanta, ya ce a madadin kujerar yana yi wa Uda Zal, wato yaya Zal, godiya da ya ɗumama masa ita. Aka yi dariya, amma ba ta yi tsawo ba. Uni Des ta juya shayinta ta ce, "Kada ka sa ran zan riƙe hannuna, Zal. In na sani, zan buga."

"In kika riƙe ma, Uni, ni ne zan buga miki."

Kwana biyu bayan haka na tsaya a bakin titi ina jiran mota zuwa aiki, sai ga shuɗiyar angkot ta tsaya a gabana shiru kamar motar ɗaukar gawa. Na leƙa na ga shi ne. Ya cire memorinsa na waƙoƙi ya jefa a aljihun mota, ya rataya igiyar sifika a jikin madubi. Duk wanda ya zauna a gaba, sai ya miƙa masa igiyar ya ce, "Sa mana abin da kake ji kai kaɗai, wanda ba ka taɓa ji a mota ba."

Abin bai zo da sauƙi ba. 'Yan makaranta suka daina hawa. Direbobi a tasha suka sa masa suna mai makoki, in ya shigo sai su cire hula su sunkuyar da kai. Fasinjojin ma ba kowa ya gane ba. Wani dattijo ya sa musu wa'azi tun daga kasuwa har tasha. Wata mata ta yi kuskure ta saki saƙon muryar da mijinta ya aiko yana ba ta haƙuri, mota duka ta saurara har ƙarshe, aka yanke hukuncin cewa ta yafe masa. Wani kuma kukan tsuntsunsa na keji ya sa, yana alfahari. Na hau motar sau da yawa a watan, ina ganin kujerun baya rabi a wofi, Erizal kuma ya karkata kai yana tuƙi. Matarsa ta aiko mini da saƙo ta bakinsa, wai a gaishe da 'yan teburin da suka mayar mata da miji bebe.

Ranar uku ga Satumba ya zo da riga mai guga. Shi ne na ƙarshe a layi. Kafin a sa, ya ce yana da magana, Uni Des ta ce ba a yi wa waƙa talla. Ya ce to, a sa.

Muryoyin mata ne, uku ko huɗu, cikin wani harshen tsibiri da babu wanda ya iya a cikinmu. Ba ganga mai girgiza ƙirji, sai jita ɗaya da wani abu da ake bugawa a hankali kamar gora. Ɗaya ta fara, sauran suka shigo ƙarƙashinta, suna ɗagawa suna sauke ta. Ban kalli kowa ba sai hannun Uni Des. Ta ɗauki cokali. Ta kai shi kusa da kofi, ta tsaya, ta rufe ido tana motsa leɓe, tana neman baitin gaba. Erizal ya riƙe bakin tebur da hannu biyu. Sai muryoyin suka juya wata hanya da ba ta zata ba, ta buɗe ido, ta ajiye cokalin a kan faranti a hankali don kada ya yi ƙara.

Waƙar ta tafi har ƙarshenta. Pak Buyung na tsaye da buta a hannu bai zuba ba. Da ta ƙare, Uni Des ta ce, "A sake."

A dokarmu ba a maimaita waƙa a zama ɗaya. Na buɗe baki zan tuna musu, Uni Des ta harare ni ta ce, "Pak Darwis, rufe littafin nan ka sha shayinka." Aka sake. Bayan ta biyu sai teburin ya ɓarke. Aka kama buga cokula a kofuna gaba ɗaya, ba don an sani ba, don murna, har masu wucewa suka tsaya. Erizal ya miƙe ya zagaya kujerarsa yana rawa da kafaɗa, ya je gaban surukin Pak Buyung ya rusuna ya ce, "Yi haƙuri, ƙanena, ba ta gama ɗumama ba."

"Wa ya ba ka wannan, ɗan banza?" in ji Uni Des tana share ido.

Ya ce wata ma'aikaciyar jinya ce da ta sauko daga jirgin tsibiran Mentawai, ta zauna a gaba da jaka a cinya. 'Yan uwanta ne suka rera, suka ɗora a intanet, kuma bayan danginsu babu wanda ya leƙa.

"To ta yaya ka san ita ce?" na tambaye shi. "Ai ka ji ɗaruruwa."

"Pak, kai ma ka sani, mai son sauka kwabo yake bugawa a ƙarfen rufin mota. Ranar nan mota cike take, muka wuce kasuwa, muka wuce asibiti, muka wuce gada, ban ji ƙwas ba. Sai da waƙar ta ƙare wani mai kwandon kifi ya yi ihu wai na wuce da shi gida. A da ina auna waƙa da masu hawa. Ashe da waɗanda suka manta sauka ake aunawa."

Pak Buyung ya ce shayin ranar a kansa, abin da ban taɓa gani ba tun da nake zuwa shagon. Ni kuma na rubuta a gaban sunan Erizal cewa ba a buga ba, an maimaita, doka ta karye da yardar kowa.

Erizal bai mayar da memorinsa ba. Igiyar tana nan a jikin madubi. 'Yan makaranta sun dawo da kansu, yanzu rigima suke yi a kan kujerar gaba, wasu direbobi biyu a tasha ma sun kwaikwaye shi. Har yanzu ana buga masa cokali wasu watanni, amma bai sake kusantar shekara ba. Surukin Pak Buyung ya samu wuri daga baya da wani ya yi ƙaura. A watan Yunin bara Erizal ya bar motar a hannun ɗan ƙanwarsa na mako guda, ya hau jirgi da matarsa zuwa tsibirin, ya ji matan suna rerawa da kunnensa. Yana tuƙi a hanyarsa ta da, kuma kujerar ƙarshen tebur tasa ce.